Motar da ba ta mutuwa gaban Alhaji

Wa ya ce pampon motar nan ya mutu? Kai ne, Sabi'u? To, sannu da aiki. Ka ɗaga kapo, murfin inji, ka leƙa, ka taɓa shi da ɗan yatsa kamar mai duba ko tuwo ya huce, har ka yanke mashi hukunci. Ko alƙali sai ya ji ta bakin mutum kafin ya ɗaure shi. Mai da lakilen nan na kwance noti inda ka ɗauko shi. Ku ma ku jawo benci, mai motar ba ya dawowa sai bayan la'asar, ni kuwa bakina bai gaji ba.

Ku yaran yanzu kun ɗauka gyaran mota shi ne a cire wancan a sa wannan. In mota ta tashi, kun iya. In ba ta tashi ba, kayan ne jabu. Ku dai ba ku taɓa yin laifi ba. To, kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Ni a Maraɗi na koyi aikin nan, hannun wani tsoho da ake kira Barmu, Allah ya jiƙan shi. Shekarar da na fara ban riƙe lakile ba. Wankin ƙarafa cikin kwanon isansi, wato fetur, ɗebo ruwa, tura mota, sai kuwa shan ranƙwashi, wanda shi kam ba ya yankewa. Ranar da ya fara ba ni aiki na gaske, pampon isansi ya miƙo mani, ya ɗaure mani ido da rawaninshi, ya ce in kwance in mayar. Ɗan abu ne, bai fi ƙoƙon shan fura ba. Cikinshi akwai wata fatar roba da inji ke motsawa sama da ƙasa, tana zuƙo isansi daga tanki tana tura ma karburato. Aikinshi ke nan duk duniya, ya zuƙa ya tura. Barmu ya ce mani, "Sanda, wanga abu shi ne marayan mota. Kome ya faru shi ake duka, don ba ya da mai tsaya mashi."

Shi ne kuma ya koya mani cewa motar da ta mutu murus ba abin tsoro ba ce. Ta kwanta, tana jiran ka, ka bi ta a hankali ka gano ciwonta. Wadda ke tona ma makanike asiri ita ce mai mutuwa tana tashi. A hanya ta yi ta fizga tana shiɗewa, a kawo ta garaji ta yi ta gurnani lafiya lau, kai da mai ita ku tsaya kuna kallon juna. Irin wannan ba a gyara ta a inuwa. Sai ka bar shayinka, ka hau ta, ka bi ta har inda take yin abin nata.

Da na dawo gida Madarunfa na kafa rumfata kusa da tasha, kayan aikina duka buhu guda ke ɗauke su. Lakiloli, turnabis, guduma, fensa, ɗan guntun tiyo, da kwalbar da nake gwada ƙarfin pampo. Ba na'ura mai ƙyalli da za ta faɗa maka ciwon mota kana zaune kana danna waya. Kunne ne da hanci, sai yatsa. A haka na ci tuwo na ciyar, har shekarar nan da aka karya darajar sefa. Ku ba a haife ku ba. Mun kwana da kuɗi mun tashi da rabinsu. Kayan mota suka yi tashin gwauron zabo, muka koma yanka tsohuwar roba muna yin abin da a da sai dai mu saya. Can ƙetaren iyaka kuma isansi ya yi wuya, masu sai da shi a kwalba bakin hanya suka zama ƴan lele. Shekarar nan duk mai mota ya fara kallon shoferinshi da wutsiyar ido.

Cikin masu motar akwai Alhaji Nomau, ɗan kasuwar wake da gyaɗa. Yana da a-kori-kura fara, ƙirar kat-san-kat, tana jigilar buhuna da mutane tsakanin nan da Ɗan Issa. Alhaji mutum ne mai salla a sahun farko, ban hana mashi ba. Amma ko ƙuda ya sauka kan buhunshi sai ya duba ko ya tashi da ƙwaya. Yana da wani ɗan kara mai zane-zane, kullum cikin aljihun babbar riga, da shi yake auna isansin tanki. Agogon mota da Bature ya yi bai yarda da shi ba, ya ce bakinsu ɗaya da shofer.

Shoferin kuwa Lawali ne, mutumin Safo, ƙato mai sanyin magana. Tun motar tana sabuwa yake jan ta. Ba ya shan taba, goro ma sai an matsa mashi. Wata safiya na ɗago kai daga ƙarƙashin wata mota na gan shi tsaye a ƙasa, ba farar motar. Muka gaisa, ya tsuguna, ya daɗe yana zanen ƙasa da tsinke.

"Malam Sanda," ya ce, "ka tsamo ni. Alhaji ya kai ni gaban liman. Jumma'ar nan bayan an sauko zan dafa Alƙur'ani gaban jama'a."

Na ce, "Subhanallahi! Kan me?"

"Ya ce ina sai da isansin motarshi."

Ga yadda abin yake. Motar ta ɗauki wani hali. In Lawali ya ɗauko lodi da safe, sai ta yi tafiya mai kyau, sai an kusa Ɗan Issa ta fara fizga, ta yi tari, ta mutu. A yi ta kunnawa ta ƙi. Wata rana kuma ta je ta dawo ko gezau. An kai ta Maraɗi, makanikai sun canza pampo. Ta sake yi, sun sake canzawa. An wanke karburato, an canza buji, wato fulogi, an canza abin da bai ji ba bai gani ba. In ta mutu a hanya, Lawali ya gano dabara guda: ya zare tiyon da ke kawo isansi daga tanki, ya sa baki ya hura, ya mayar, sai ta tashi. To inda take mutuwa ba nisa da rumfunan masu sai da isansin kwalba. Wani mai son a san da shi ya wuce kan babur, ya ga shoferin Alhaji tsugune gefen mota da tiyo a baki. Kafin Lawali ya dawo gari labari ya riga shi.

Abin da ya ƙara ƙulle maganar shi ne wannan: duk ranar da Alhaji ya shiga motar da kanshi, ba ta mutuwa. Ko tari ba ta yi.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. Gari ƙarami ne, masu mota ƴan kaɗan ne, kuma duk a zaure guda suke shan hira. Shoferin da aka kai shi ga rantsuwa kan sata, ko ya rantse ya tashi lafiya, ba mai sake ba shi makulli. Za a ce ai wancan ne da aka sa ya dafa. In ya yi tuntuɓe bayan shekara, a ce Alƙur'ani ne ya kama shi. Lawali yana da mata da ƴaƴa da tsohuwa a Safo, kuma ban da sitiyari ba abin da hannunshi ya sani. Na ji tausayinshi ƙwarai, na kuma ji haushin makanikan da suka yi ta cin kasuwarsu kan pampo.

Na je na sami Alhaji, na roƙe shi ya ba ni motar in duba. Ya ce, "Sanda, manyan Maraɗi sun duba. Amma ɗauki, kada a ce na hana." Aka kawo ta rumfata. Na zare tiyo daga karburato na sa cikin kwalba, Lawali ya murza makulli, isansi ya yi ta feshi da ƙarfinshi. Na kwance pampon, fatar sabuwa fil, ko tsaga babu. Na bar ta tana aiki tun hantsi har azahar. Masu zaman tasha suka kewaye ni, kowa da fatawarshi. Wani ya ce zafi ne ke kama pampon, a riƙa ɗora mashi jiƙaƙƙen tsumma. Wani tsoho daga Sarkin Yamma ya ce akwai tsamiya a hanyar da ba a wuce ta ba sallama, motar kuwa ba ta da ladabi. Wani ya ce baki ne, Alhaji ya nemi taimako. Motar dai tana ta gurnaninta, kamar ta ce ni me na yi maku.

Na ce to, sai hanya. Washegari aka yi lodi, Alhaji ya ce da shi za a je. Muka cushe gaba mu uku, Lawali na tuƙi, ni a tsakiya, Alhaji bakin taga yana jan carbi. Duk ƙauyen da muka tsaya ɗaukar buhu, sai Alhaji ya sauka, ya laluba cikin rigarshi ya fiddo ɗan makulli ɗaure da zare, ya buɗe bushon tanki, wato murfin, ya tsoma karanshi, ya ɗaga shi sama ya ƙanƙance ido, ya shinshina, ya rufe, ya kulle. Ni a lokacin dariya kawai abin ya ba ni, na riƙa danne ta da tari. Muka je Ɗan Issa muka dawo, mota ko atishawa.

Da muka sauka Alhaji ya dafa kafaɗata, ya ɗaga murya don ƴan tasha su ji. "Ka gani, Sanda? Motata lafiyarta lau. In akwai mai ciwo, ba ita ba ce." Lawali ya sunkuyar da kai, ya ɗauki tsumma ya hau goge gilashin da ba ya da datti.

Na ce ma Alhaji ina son in sake bin ta ba shi ciki. Ya yi murmushin wanda ya riga ya ci shari'a. Da safe ya sa aka cika tanki fal a gabanshi, ya kulle, ya mai da makulli cikin riga, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ranar an yi ruwa da asuba, gari da sanyi. Muka kama hanya da wake da mata masu zuwa cin kasuwa. Muna hango rumfunan masu kwalba, sai na ji ta a ƙafata tun kafin kunnena ya ji. Ta fizga, ta saki, ta sake fizga, ta yi tari, shiru. Lawali ya gangara gefe ya dube ni. Wallahi har wani daɗi na ga ya ji, don yau dai da mai shaida.

Ya sauka zai kama tiyonshi yadda ya saba, na riƙe mashi hannu. Ku saurara nan, don nan aikin yake. Mota in ta mutu a hanya, tana riƙe da shaidarta, kuma hannun farko da ya taɓa ta da garaje shi ke ɓata shaidar. Na fara da wuta. Na zare wayar buji na kusantar da ita jikin inji, Lawali ya murza makulli, wuta ta yi tsalle shuɗiya. Ba nan ba ne. Na leƙa karburato, a bushe. To isansi ne bai zo ba. Da ku ne, da nan kun yi kabbara kun ce pampo. Ni na bi baya. Na kama tiyon da ke shigowa pampon daga tanki, na ga ya ɗan lotsa, ya manne. Na sassauta shi a hankali, kunnena kusa. Maimakon isansi ya ɗigo, sai na ji shuuu, iska na shiga ciki. Na ɗora yatsa a bakin, ya tsotse mani fata. Ina ɗagawa, daga can ƙarƙashin bodi muka ji ƙwam! Wata mata ta yi salati ta diro daga kan buhuna.

Lawali ya ce, "Kullum tana wannan ƙarar. Na ɗauka kaya ne ke zama."

Na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi. Cikin tankin ya lotsa, fenti ya tsattsage inda ƙarfe ke shiga yana fita. Na bi wuyan tankin da hannu ina neman wani ɗan siririn bututu da ke nan, wanda tanki ke shaƙar iska da shi. Na same shi an daddake shi da guduma, an lanƙwasa, an kuma like bakin da dalma. Aiki mai kyau, wallahi, wanda ya yi shi ya iya. Na fito na duba bushon. Ba na motar ba ne, wani ne mai makulli, kuma an yanka robar taya an ƙara mashi a ciki yadda ko numfashi ba ya ratsawa.

Sabi'u, miƙo butar can. In ka toshe bakinta da tafin hannu ka tsotsa ta hancin, ruwa zai zo kaɗan, sannan ya tsaya, ko za ka tsotsa har idonka ya fito. Abin da ke faruwa ke nan. Pampo na zuƙar isansi, iska ba ta shiga ta maye wurin, har ƙarfinshi ya ƙare. In tanki ya cika fal, da wuri take mutuwa, don iskar da ke ciki kaɗan ce. In rabi ne, ko rana ta yi zafi isansi na tururi, sai ta je ta dawo ba a ji komai ba. Duk makaniken da ya zare tiyo don ya canza pampo, ya ba ta iska bai sani ba, ta tashi, ya karɓi godiya. Lawali in ya hura, shi ma iska ya ba ta. Alhaji kuwa, da yake bai iya wuce ƙauye biyu bai tsoma kara ba, shi ne babban likitanta. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Lawali ya ce mu juya yanzu mu faɗa ma Alhaji. Na ce a'a. Mutumin da bai yarda da agogon motarshi ba, ni zai yarda da ni? Cewa zai yi an saye ni da kwalba biyu. Gani ya kori ji. Na ce ya kama bakinshi, ko matarshi kada ta ji.

Da yamma na sami Alhaji a zaurenshi. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, na ga wani aiki a wuyan tankin nan, ɗan bututun da aka like. Hannun gwani ne."

Fuskarshi ta washe. "Ka gani ko? Ni na sa aka yi a Jibiya, ranar da na sayo bushon. Wani ya tsegunta mani ta nan suke sha. Su suna ganin sun fi kowa wayo."

Na ce, "Allah ya ƙara basira. Alfarma guda nake nema. Ranar Alhamis mu sake bin hanyar tare da kai. Ka cika tanki, ka kulle da hannunka. Amma daga nan ba ka buɗewa sai na ce."

"Don me?"

"In ba ta mutu ba, ni da kaina zan tsaya gaban liman in ce motarka lafiya take."

Ya ga riba a ciki, ya yarda. Na nemi ya ba ni makullin in riƙe, ya dube ni kamar na nemi ya ba ni gonarshi. Muka tsaya kan alkawari.

Alhamis ta zo da rana mai zafi tun da safe, abin da ban so ba ke nan. Ga shi an ɓata lokaci wajen lodi har hantsi ya ɗaga. Labari ya bazu, bayan motar ya cika da mutanen da ba su da abin saye a Ɗan Issa, kallo kawai ya kawo su. Ƙauyen farko da muka tsaya, hannun Alhaji ya tafi aljihu da kanshi. Na ce, "Alhaji, alkawari." Ya mai da hannun kan carbi. A na biyu ya sauka ya kewaya motar, ya tsaya gaban bushon yana kallon shi, ya shafa shi, ya dawo ya zauna yana tsaki. Ban taɓa ganin mai azumin da ƙishirwa ta kama kamar yadda ta kama Alhaji ranar nan ba.

Muka iso inda ta saba mutuwa. Ta wuce. Muka wuce rumfunan masu kwalba, tana tafiyarta tiƙis-tiƙis. Alhaji ya fara waƙar zikiri a hankali, yana kaɗa ƙafa. Lawali bai dube ni ba, amma na ga gumi na bin wuyanshi, hannunshi ya ƙanƙame sitiyari. Na ce a raina, yau zafin rana zai kashe bawan Allah, kuma da bakina na yi alkawarin tsayawa gaban liman. Har muka fara ganin rumfunan ƴan canji da layin manyan motoci masu jiran duwan, wato kwastan.

Nan ta fizga. Zikirin Alhaji ya tsaya. Ta sake fizga, ta yi tari, ta mutu tsakiyar hanya, a bakin kasuwa, inda ba a rasa ɗan kallo.

"Kai ka kashe ta!" in ji Alhaji. "Na ga ƙafarka!"

Lawali ya ɗaga ƙafafunshi duka biyu, ya murza makulli. Ta yi ta kuka, ba ta kama ba. Na ce kowa ya sauka, kada wanda ya taɓa kapo. Jama'a suka taru, ƴan canji, masu tura kura, har da wani ma'aikacin duwan da ya zo korar mu ya tsaya kallo. Na ce, "To Alhaji, yanzu buɗe. A hankali. Ku kuma ku yi shiru."

Ya fiddo makullin da ɗoki, ya murza. Bushon ya ƙi fita, sai da ya sa ƙarfi. Shuuuu! Sannan ƙwam! Alhaji ya yi baya har hularshi ta faɗi. Na ce ma Lawali ya kunna. Ta yi kuka kaɗan, ta kama, ta hau gurnani. Ban taɓa inji ba, kowa ya gani. Na yi masu bayanin buta kamar yadda na yi maku, na kwantar da wani mai tura kura ya leƙa ya ga bututun da aka like, ya fito ya ba da shaida.

Wata tsohuwa mai sai da daddawa, cikin waɗanda muka ɗauko, ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Ashe Alhaji kai ka shaƙe ta, kana neman wanda za ka rataya ma." Kasuwa ta ɗauki dariya. Wani ya kama hannun Lawali ya ɗaga sama. Shi dai bai yi dariya ba, Alhaji yake kallo, yana jira. Ni ma shi nake kallo. Kalma guda ta ban haƙuri ta isa, kuma ba ta cin ko dala.

Alhaji ya ɗauki hularshi ya kaɗe, ya ce, "To, gyara mani."

Na karɓi bushon, na cire robar, na aro ƙusa wajen wani mai gyaran takalmi, na ɗora kan dutse na buga mashi huji guda, ɗan mitsitsi. Na ce wannan zai riƙe ta kafin mu koma in buɗe bututun. Alhaji ya karɓa, ya ɗaga shi saitin rana, ya rufe ido guda ya leƙa ta hujin. Ya daɗe yana leƙe. Ya sauke, ya ɗan saci kallon Lawali, sannan ya matso kusa da ni. Shi a ganinshi raɗa yake yi, amma Alhaji bai taɓa iya raɗa ba.

"Sanda, ta wanga hujin, ba a iya zuƙo isansi?"

Dariyar ta ɗauke. Lawali ya zagaya, ya miƙa hannu ta taga ya kashe motar, ya zaro makullin. Ya zo gaban Alhaji ya ɗan rusuna yadda ya saba, ya sa mashi a tafin hannu.

"Alhaji, ga amanarka. Gobe in Allah ya kai mu ina masallaci."

Ya juya ya bi hanyar gida a ƙasa. Alhaji ya tsaya da makulli biyu a hannu, ga buhuna, ga fasinja, ga ma'aikacin duwan na cewa a kau da mota daga hanya, shi kuwa bai taɓa koyon tuƙi ba. Ya ce, "Sanda, ai kai ka iya." Na ce, "Alhaji, ni gyara aka koya mani. In na ja ta yau, jibi ni ma sai na yi alwalar rantsuwa." Na ɗauki buhun kayana na bi Lawali. Wani mai amalanke ya rage mana hanya.

Jumma'a aka sauko, mutane suka ƙi watsewa. Lawali ya sake alwala, ya zo ya zauna gaban liman cikin farar rigarshi ta salla, tsohuwarshi da ta zo daga Safo tana can bakin ƙofa. Aka nemi Alhaji, ba ya sahun farko, ba ya na ƙarshe. Aka ce wata lalura ta kai shi Maraɗi. Can sai ga ƙanenshi ya ratso jama'a, ya durƙusa gaban liman, ya ce, "Allah ya gafarta malam, yaya ya aiko ni. Ya ce a bar maganar rantsuwa. Ya ce ya yafe ma Lawali."

Liman ya yi gyaran murya, ya dubi Lawali. Lawali ya miƙe, ya ɗauki takalmanshi.

"Ka gai da Alhaji," ya ce. "Ka ce mashi ni ban yafe ba."